Wa ya ce eh, wa ya ce a'a? Yadda ake yanke magana a Majalisar Dattawa

Duk mai sauraron shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyon Kano bayan isha'i ya san ma'aunin da ake ɗora sanata a kai a garin nan. Sojan baka zai jero rijiyoyin burtsatse da gwaninsa ya haƙa, da ɗaliban da ya biya wa kuɗin makaranta, da buhunan shinkafar da ya raba da azumi. Gobe na ɗaya ɓangaren ya zo ya ƙaryata. Da wuya ka ji an ce: ranar da aka yanke magana kan dokar zaɓe, ko kan rabon harajin kayayyaki, ina sanatan nan ya tsaya? Laifin ba na masu maganar kaɗai ba ne. Sau da yawa amsar ba ta rubuce a ko'ina, kuma dalilin yana cikin yadda majalisar kanta take yanke hukunci.

A fara da lissafi, domin duk wata muhawara a zauren nan a kan lissafi take ƙarewa. Sashe na 48 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanata 3, Abuja 1, jimilla 109. Kano mai ƙananan hukumomi 44 da 'yan Majalisar Wakilai 24, uku gare ta: ta Tsakiya mai ƙananan hukumomi 15, ta Arewa mai 13, ta Kudu mai 16. Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 ita ma uku. Sashe na 54 ya ce zama yana halatta idan kashi ɗaya cikin uku na mambobi suna zaune, wato mutum 37. Doka ta yau da kullum kuwa rinjayen waɗanda suka halarta kawai take buƙata, kuma mai jagorantar zaman ba ya ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Ma'ana, sanata 19 za su iya zartar da dokar da za ta hau kan kowa a ƙasar nan. Manyan al'amura, irin su gyaran tsarin mulki, tsige shugaban majalisar ko amincewa da dokar ta-ɓaci, su ne ke neman kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi, wato 73. A riƙe wannan adadi. Jihohin Arewa 19 suna da sanata 57, da Abuja 58. Kudu na da 51. Babu ɓangaren da zai kai 73 shi kaɗai, ko da kansa a haɗe yake.

To, ta yaya ake sanin an kai adadin? A nan matsalar take. Idan an gama magana, shugaban majalisa yakan ce masu goyon baya su ce eh, marasa goyon baya su ce a'a. Ɓangarorin biyu su ɗaga murya, shi kuma ya auna da kunnensa, ya buga guduma. Babu suna, babu adadi. Mutum goma masu ƙarfin maƙogwaro suna iya danne ashirin masu sanyin murya, kuma ko ba su danne ba, hukunci na mai guduma ne. Sanata yana iya yin shiru a zaure, ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ya ce da shi aka yi a'a, babu takardar da za ta ƙaryata shi. Dokokin zaman majalisar sun bar ƙofa ɗaya: sanatan da bai gamsu da hukuncin shugaba ba yana da damar neman a raba zaure a ƙidaya. Idan aka yi haka, akawun majalisa ne zai kira suna jiha bayan jiha, kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa a rubuta. Akwai kuma na'urar kaɗa ƙuri'a a gaban kujeru. Amma a shekara guda ana iya ƙirga ranakun da aka yi amfani da ɗayan biyun da yatsun hannu ɗaya.

Ita kanta Majalisar Dattawa, rigimar lissafi ce ta haife ta, kuma Kano ta biya kuɗin wannan rigima da jini. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka tsaya sai an ba yankin rabin kujerun majalisar tsakiya, aka ba su. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ta Awolowo ya kawo buƙatar a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce da zarar hali ya yi. 'Yan AG da na NCNC ta Azikiwe suka ga cewa in aka je ƙidaya za a kayar da su, suka fice daga zaure. Jama'ar Legas suka yi wa wakilan Arewa ihu da zagi. Da AG ta turo tawaga ƙarƙashin Akintola zuwa Kano a watan Mayu, gari ya kama da wuta tsakanin Sabon Gari da Fagge da cikin birni daga 16 zuwa 19 ga wata. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Bayan haka ne Turawa suka kira taron Landan, aka koma tsarin tarayya a 1954. A zagayen tattaunawa na 1957 aka amince da majalisa ta biyu, wadda kowane yanki zai samu kujeru daidai wa daida komai yawan mutanensa.

Majalisar da ta fara zama a 1960 ba irin ta yau ba ce. Ba jama'a ke zaɓen sanatoci ba. Kowane yanki ke tura mutum 12, Legas 4, sai wasu 4 da ake naɗawa daga tsakiya. Ƙarfinta bai wuce ta jinkirta doka ba. Azikiwe ne shugabanta na farko, kuma na ukunsu, Nwafor Orizu, shi ne muƙaddashin shugaban ƙasa da ya miƙa wa shugaban sojoji Janar Ironsi mulki a Janairun 1966. Sai a 1979, da aka ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, sanata ya zama zaɓaɓɓe mai haƙori: kowace jiha 5, jihohi 19, kujeru 95, Joseph Wayas a kan kujerar shugabanci. Daga cikin waɗanda PRP ta Malam Aminu Kano ta tura daga Kano akwai Sabo Bakin Zuwo, wanda daga can ya dawo ya ci gwamna a 1983. Daga baya hanyar ta juya, tsofaffin gwamnoni ke tafiya majalisar: Kabiru Gaya a 2007, Kwankwaso a 2015, Shekarau a 2019.

Muhawarar da ta fi nuna abin da nake son a gane ita ce ta tazarce a 2006. Kwamitin gyaran tsarin mulki ƙarƙashin mataimakin shugaban majalisa Ibrahim Mantu ya haɗo gyare-gyare fiye da 100 a ƙudiri ɗaya, a ciki har da wanda zai ba Obasanjo damar neman wa'adi na uku. Dabarar ita ce a ɗaura abin da mutane ke gudu a jikin abin da suke so, kamar ƙarin kason arzikin mai ga jihohin da ake haƙowa. Abin da shugaban majalisar na lokacin, Ken Nnamani, ya yi ba wani abu ne mai wuya ba. Ya bari aka nuna zaman kai tsaye a talabijin, ya kuma tsaya kowane sanata ya miƙe da sunansa ya faɗi inda yake. An kwashe kwanaki ana haka. Wanda ya yi alƙawari a ɗaki da dare, da rana sai ya tarar mutanen mazaɓarsa na kallon bakinsa. Ranar 16 ga Mayu 2006 da aka zo tambayar ko ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, wato matakin muhawara kan manufarsa, da murya aka yanke, a'a ta cika zaure. Amma muryar ranar nan ba ta ɓoye kowa ba, domin kowa ya riga ya sa hannu da bakinsa a gaban ƙasa. Masu neman tazarce suna buƙatar 73. Masu adawa 37 kacal suke buƙata su toshe hanya. Asarar da aka yi kuwa ita ce duk sauran gyare-gyaren, masu kyau da marasa kyau, tare aka binne su. Darasin ya shiga: a zagayen 2022 an rarraba gyare-gyaren zuwa ƙudirori 68, aka kaɗa wa kowanne ƙuri'a da na'ura ranar 1 ga Maris. Shi ya sa waɗanda suka shafi kujerun mata suka faɗi ba tare da sun kayar da na wutar lantarki da na jirgin ƙasa ba. Buhari ya sa hannu a kan na lantarkin da na jirgin ƙasan a Maris 2023, kuma daga nan ne jiha irin Kano ta samu hurumin yin dokar lantarkinta.

Misali na biyu ya fi kusa. A Yulin 2021 kwamitin majalisa kan hukumar zaɓe, wanda Sanata Kabiru Gaya ke shugabanta, ya kawo rahoton gyaran dokar zaɓe. Rigima ta tashi kan sashen da ya ba INEC damar aika sakamako ta na'ura. Sanata Sabi Abdullahi na Neja ya kawo gyara cewa sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar akwai wadataccen sabis, Majalisar Tarayya kuma ta amince. Shugaban majalisar na lokacin, Ahmad Lawan, ya tambaya da murya, ya ba gyaran nasara. Shugaban marasa rinjaye Enyinnaya Abaribe ya ƙi yarda, ya nemi ƙidaya. Aka kira suna ɗaya bayan ɗaya ranar 15 ga Yuli: 52 suka bi gyaran, 28 suka ƙi, 28 ba sa nan. Abaribe ya sha kaye, amma washegari jaridu suka buga sunayen duka, har da na waɗanda suka ɓace daga zaure ana dab da kiran suna. A watan Oktoba majalisar ta warware matsayinta, ta bar wa INEC ikon. A ganina ba sabuwar hujja ce ta sauko a cikin wata ukun nan ba. Sunaye ne suka fita.

Yanzu a ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Maris 2025. Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Ribas ranar 18 ga wata, ya dakatar da gwamna da majalisar jiha. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan mambobin kowace majalisa sun amince: 73 a Dattawa, 240 a Wakilai. Ranar 20 ga wata majalisun biyu suka amince da murya. Ba maganar ko dokar ta dace ko ba ta dace ba nake yi. Kunne ba ya ƙirga 73. Inda tsarin mulki ya ambaci adadi, ya zama dole a ga adadin a rubuce da sunaye. Ɗan Kano bai kamata ya ga abin ya yi masa nisa ba, don sashen da aka yi aiki da shi a Fatakwal shi ne dai ke kan kowace jiha.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, saboda da shi ake yawan cin kasuwar talakawa a rediyo. Za ka ji an ce sanata wane ya gabatar da ƙudiri, majalisa ta amince a gyara titin kaza ko a kai ɗauki garin kaza. Abu biyu ne Hausa ke kira da suna ɗaya. Akwai ƙudirin jan hankali, wanda ake karantawa a yi muhawara a amince a zama ɗaya. Ƙarshensa kira ne ga gwamnati, ba ya tilasta wa minista komai, ba ya fitar da ko sisi. Akwai kuma ƙudirin doka, mai doguwar hanya. Sau ɗaya ne a tarihinmu na kusa ƙudiri irin na farko ya yi aikin da ya girgiza ƙasa: ranar 9 ga Fabrairun 2010, lokacin da marigayi 'Yar'aduwa ke jinya a Saudiyya tun Nuwamba ba tare da ya aiko wasiƙar da sashe na 145 ya tanada ba. Majalisar, ƙarƙashin shugabanta David Mark, ta ɗauki hirar da BBC ta yi da shi ta waya a matsayin sanarwa, ta dogara da hujjar larura, ta mai da Jonathan muƙaddashi. Su kansu sun san ƙafar da suka tsaya a kai ba ta da ƙwari, shi ya sa a shekarar aka gyara sashen: in shugaba ya yi kwana 21 bai aiko wasiƙa ba, majalisa na iya ɗora mataimakinsa.

Hanyar ƙudirin doka kuwa ga ta. Karatu na farko ambaton suna ne kawai, akawu ya karanta taken, ba a cewa komai. Mafi yawan ƙudirorin da ake tallatawa a fosta a nan suke kwana. A karatu na biyu ne mai ƙudiri ke jagorantar muhawara, amma a kan manufa gaba ɗaya, ba a taɓa ko kalma ɗaya ta rubutun. In ya tsallake sai a miƙa wa kwamiti, a ba shi makonni ya dawo da rahoto. Kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, ya karɓi takardu, ya sake rubuta abin da ya ga dama. Daga nan duk majalisa ta rikiɗe ta zama kwamiti guda, a bi sashe bayan sashe. A nan ne ake cusa jimla ko a zare ta cikin daƙiƙa kaɗan, galibi da rana ta yi nisa, kujeru sun yi fayau. Sai karatu na uku. Sannan a aika wa Majalisar Wakilai ta bi nata matakan. In rubutun biyu ya saɓa, ko da a adadi ɗaya ne, a kafa kwamitin daidaitawa. A dokar man fetur ta 2021 Dattawa sun ce kashi 3 ga al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu, Wakilai suka ce 5, a wurin daidaitawa 3 ta tsaya. Bayan haka shugaban ƙasa na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisun biyu na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, kamar yadda suka yi wa Obasanjo a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000. Abu ne da ba a cika gani ba. Kuma duk ƙudirin da bai kammala ba har wa'adin shekara huɗu ya cika, ya mutu, sai sabuwar majalisa ta faro shi daga karatu na farko.

Wanda ya fahimci wannan zai sake kallon rigimar dokokin haraji da idon basira. A Oktoban 2024 aka aiko ƙudirori huɗu. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka yi fatali da tsarin da zai raba kashi 60 na kason jihohi na harajin kayayyaki bisa inda aka samo shi. A ƙarshen Nuwamba, ranar da aka shigo da jami'an kwamitin haraji cikin zaure, Sanata Barau Jibrin ne ke kan kujera a matsayinsa na mataimakin shugaban majalisa, Sanata Ali Ndume ya tashi ya ƙalubalanta. Kano ta ɗauki zafi, daga masallatai har shafukan Facebook, musamman da ƙudirorin suka tsallake karatu na biyu. Mutane da yawa sun ɗauka an gama. Alhali a lokacin ko waƙafi ba a taɓa ba. Canjin ya zo ne daga baya, a teburin gwamnoni da na kwamiti: aka bar harajin a kashi 7.5, rabon jihohi ya koma kashi 50 daidai wa daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. A haka aka sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Hayaniyar ta yi amfani, ban musa ba, ita ta sa aka zauna. Amma abin da ya shiga doka, takarda ce da adadi suka shigar da shi. Jihar da ke da Kantin Kwari da Singa da Dawanau ya kamata a ce ƙungiyoyin 'yan kasuwarta na da mai bibiyar kowane ƙudirin haraji tun daga ranar da aka buga shi.

Bibiyar ba ta buƙatar zuwa Abuja. Majalisa na zama Talata, Laraba da Alhamis, kuma tsarin mulki ya wajabta mata kwana 181 a shekara. Kowace ranar zama akwai takardar jadawali da ke nuna abin da za a tattauna da sunan mai gabatarwa. Akwai takardar taƙaitaccen bayanin abin da aka zartar, wadda ake amincewa da ita a farkon zama na gaba. Akwai kuma Hansad, kundin da ke ɗauke da maganar kowa kalma bayan kalma, sai dai yana jinkirin fitowa. Ana nuna zaman kai tsaye a YouTube, kuma cibiyar PLAC da ke Abuja, ƙungiya mai zaman kanta da ke bibiyar ayyukan majalisa, na ajiye kwafin ƙudirori a shafinta. Kowane ƙudirin Dattawa na da lamba mai farawa da SB. In aka ce maka sanata ya kawo ƙudirin kafa kwaleji a garinku, nemi lambar, ka tambayi karatu na nawa yake, wane kwamiti ke riƙe da shi, ko Wakilai sun amince, ko an sa hannu. Ko an sa hannu ma saura ka duba ko an ware masa kuɗi a kasafin shekara, don doka ba ta aza tubali. Dokar hukumar raya Arewa maso Yamma, wadda Barau ya ɗauki nauyi kuma aka ajiye hedikwatarta a Kano, ta bi duk matakan nan kafin a sa mata hannu a Yulin 2024; da irin wannan ma'auni ya kamata a auna duk wani ƙudiri da ake yi wa kirari.

Mai son sa baki kuma, lokacinsa shi ne tsakanin karatu na biyu da rahoton kwamiti. Ana buga sanarwar jin ra'ayi a jaridu, sau da yawa kwanaki kaɗan kafin ranar, don haka a shirya takarda tun da wuri. A rubuta ta zuwa ga shugaban kwamiti ta hannun akawun kwamitin. Kuskuren da ƙungiyoyinmu ke yi shi ne su cika shafi biyar da koke. Akawu ba shi da inda zai sa koke a rahotonsa. Abin da yake iya ɗauka shi ne: sashe na kaza ya ce kaza, muna so a mai da shi kaza, ga dalili, ga adadin mutanen da abin zai shafa. A aika wa sanatocin jiha uku kwafi, a karɓi shaidar an karɓa da hatimi da kwanan wata.

Kiranye, wanda ake yawan yi wa sanatoci barazana da shi, yana nan a sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Tun 1999 ba a taɓa dawo da sanata gida ta wannan hanya ba.

Saura maganar harshe. Sashe na 55 ya ce a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan tanadi yana rubuce tun tsarin mulkin 1979, har yau ba a yi shi ba. Don haka mai ƙuri'a a Rano ko Bichi ko Kurna ba ya jin sanatansa kai tsaye. Abin da ɗan jarida ya tsinto, ko abin da yaron sanatan ya ga dama ya fassara, shi ke isa kunnensa. Gidajen rediyon Kano na da ma'aikatan da za su iya ɗaukar takardar abin da aka zartar ta kwana uku, su mai da ita Hausa, su karanta a minti goma sha biyar ranar Juma'a da dare: ƙudiri kaza, karatu na kaza, an yanke da murya ko da ƙidaya, in da ƙidaya ne ga abin da na Tsakiya da na Arewa da na Kudu kowannensu ya ce.